Daga Titunan Tokyo Zuwa Gidan Gem Na Unguwarmu: Tarihin Wasannin Tseren Motocin Japan



Duk wanda ya taso a Lafiya daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010 ya san ɗakin da za mu yi magana a kai. Ɗan ƙaramin shago ne mai labule a ƙofa, da benci biyu ko uku, da talabijin masu ƙaton ƙeya a jere, ga janareta yana kuka a waje saboda wutar NEPA ko ta zo ba ta iya ɗaukar komai. A Bukan Sidi akwai irinsa, a Tudun Gwandara akwai, a Sabon Pegi akwai. Gidan gem muke ce masa. Iyayenmu ba su so shi ba, kuma da yawanmu mun sha bulala a kansa, musamman ranar da aka gano cewa canjin cefane ko kuɗin tara na makaranta can ya tafi.

Gaskiya ɗaya ce, ƙwallo ce sarauniyar gidan. Winning Eleven ta kamfanin Konami ita ke cika benci, sai Mortal Kombat ga masu son dambe. Amma kusan kowane gida yana da talabijin guda a kusurwa wadda aka bar wa 'yan mota. Ba su da yawa, ba sa ihu kamar 'yan ƙwallo, sai dai ka ga mutum yana karkata jikinsa gaba ɗaya idan zai sha kwana, kamar fad ɗin da ke hannunsa sitiyari ne. Tarihin wannan kusurwar muke so mu bi yau, domin yanzu da shekaru suka ja mun fara gane abin da ya riƙe mu a wurin.

Farkon haɗuwar yawancinmu da tseren Japan ba a PlayStation ba ne. A ƙananan na'urorin nan ne na kwaikwayo masu cin kaset ruwan ɗorawa, waɗanda ake rubuta wa wasanni dubbai a jiki amma in ka duba guda goma ne ake ta maimaitawa. Asalinsu Famicom ce ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983. A cikin kaset ɗin akwai Road Fighter, wasan da Konami ta fitar a 1984: 'yar jar mota ana kallonta daga sama, maleji yana kaiwa 400, mai yana ƙarewa, motoci suna shan gabanka da gangan. Wanda ya taɓa bin dogon layin mai a garin nan ya san tashin hankalin da ke cikin ganin mai ya kusa ƙarewa alhali tasha tana nesa. A can Japan kuwa, a gidajen wasansu na jefa kwabo, abin ya riga ya yi nisa. Namco ta yi Pole Position a 1982. Yu Suzuki na kamfanin Sega ya yi Out Run a 1986, inda za ka zaɓi waƙar da kake so a rediyon motar kafin ka tashi. Ridge Racer ta zo a 1993, kuma ita aka fitar tare da PlayStation ta farko ranar 3 ga Disamba 1994.

To amma tseren titi, wanda ake yi da dare a kan kwaltar da kowa ke bi, ba daga kan masu haɗa wasa ya fito ba. Abu ne da ya faru a zahiri, kuma tushensa wata hanya ce. Lokacin da Tokyo ke shirin karɓar gasar Olamfik ta 1964, an soma gina babbar hanyar sama mai suna Shuto. An buɗe sashen farko a Disamba 1962, tsawonsa bai kai kilomita biyar ba. Zuwa 1967 an kammala zoben da ya kewaye tsakiyar birnin, wanda suke kira C1, kilomita kusan 15 na kwanoni da ramuka da gadoji da ke ratsa tsakanin benaye. Daga baya aka shimfiɗa wata doguwar hanya miƙaƙƙiya a bakin teku, Wangan. Da rana cunkoso ne. Da tsakar dare kuwa hanyar takan zama fayau, kuma babu danja ko ɗaya a kanta. Matasa masu mota ba su daɗe ba suka gane abin da suka samu.

Sai kuma kuɗi suka zo. A shekarun 1980 tattalin arzikin Japan ya kumbura har ya wuce hankali, kasuwar hannun jarinsu ta kai ƙololuwa a ƙarshen Disamba 1989. Kamfanonin mota suka shiga gasar nuna bajinta. A wannan shekarar ta 1989 Nissan ta fitar da Skyline GT-R ƙirar R32, Honda ta biyo da NSX a 1990, Mazda da sabuwar RX-7 a 1991, Toyota da sabuwar Supra a 1993. A lokacin akwai wata yarjejeniya ta fatar baki tsakanin kamfanonin cewa ba wanda zai tallata mota sama da ƙarfin doki 280, kuma ana ɗaure gudun motocin cikin gida a kilomita 180 a awa. Sai dai injinan da suka sa a ciki sun fi ƙarfin abin da aka rubuta a takarda. Bakanike mai basira yana iya kwance ɗaurin, ya canza salansa da turbo, ya ninka ƙarfin motar. Ƙananan garejoji suka cika ƙasar. Wata ƙungiya da ta yi suna, Mid Night Club, an san 'yan cikinta da haura kilomita 300 a awa a kan Wangan.

Waɗanda ba su da kuɗin manyan motoci sai suka hau duwatsu. Japan ƙasa ce mai tsaunuka, hanyoyinta na dutse cike suke da kwanoni masu kama da ƙugiya. A nan ne salon zamiya ya bunƙasa, wato direba ya bar bayan mota ya zame da gangan, ya shiga kwana a karkace yana riƙe da ita da totur da sitiyari. Wanda ya fi kowa suna a wannan fanni shi ne Keiichi Tsuchiya, wanda bidiyon tuƙinsa a kan dutse ya yaɗu a 1987 har hukumar tseren ƙasar ta dakatar da lasisinsa na wani lokaci. Motar da ya yi suna da ita ba wata ta a zo a gani ba ce. Toyota Corolla ce, ƙirar AE86 da aka yi daga 1983 zuwa 1987, ƙarfin dokinta wajen 130.

Mu tsaya a kan wannan Corollar, domin ita ce zuciyar zancen. A 1995 wani mai zanen labarai, Shuichi Shigeno, ya fara wani labari mai suna Initial D, wanda aka ci gaba da bugawa har 2013, aka mayar da shi katun a 1998, Sega kuma ta mayar da shi wasa. Tauraron labarin, Takumi, ɗan mai awara ne. E, awarar nan dai ta waken suya da ake soya mana a bakin titi da yamma, su tofu suke ce mata. Kullum da asuba mahaifinsa kan aike shi ya kai awara wani otal a saman dutse cikin tsohuwar Corollarsu, ya ajiye masa kofin ruwa a mota ya ce kada ya zube, don kada awarar ta farfashe. Yaron bai san ya ƙware ba. Shi dai burinsa ya sauke kaya ya koma ya yi barci. Da masu tsadaddun motoci suka zo dutsen, sai ɗan aiken mai awara ya riƙa barinsu a baya ɗaya bayan ɗaya. Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Mun san direban tasha da ya haddace kowane rami tsakanin Lafiya da Akwanga, wanda zai wuce mai sabuwar jif yana tauna goro.

Wannan tunanin, cewa gwaninta da sanin hanya sun fi kuɗi, shi wasannin suka ɗauko suka kawo mana. Ɗauki Gran Turismo, wadda Kazunori Yamauchi ya shafe kimanin shekara biyar yana haɗawa kafin ta fito a Disamba 1997, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 10. A filin tsere ake yin ta, ba a titi ba, amma ruhinta na 'yan gareji ne. Ba a ba ka Ferrari. Ɗan jari ake ba ka, 10,000 na kuɗin wasan, a tura ka kasuwar tsofaffin motoci ka zaɓi wadda aljihunka zai iya: tsohuwar Civic, ko Prelude, ko Silvia. Sai ka ci jarrabawar lasisi kafin a bar ka shiga manyan gasa, kuma jarrabawar ba wasa ba ce, da yawanmu a nan muka fara jin cewa ana taka birki ne kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Ka ci ƙaramar gasa, ka sayi taya. Ka ƙara ci, ka canza salansa. Har wurin wankin mota akwai, a ta uku kuma da ta fito a 2001 har juyen baƙin mai ake yi. Ashe rayuwar mai motar Kwatano ce aka zuba a faifai: a lallaɓa, a gyara, a tara, a ƙara.

Matsalarmu a gidan gem ita ce irin wannan wasa yana son a adana ci gaba, katin ajiya kuwa na mai shago ne. Sai ka kwana biyu kana gina mota, ka dawo ka tarar wani ɗan ƙwallo ya goge ta don ya sami wurin ajiye kofinsa. An yi faɗa a kan wannan ba sau ɗaya ba.

Wasan da ya fi kowanne kama ainihin daren Tokyo shi ne na wani ƙaramin kamfani mai suna Genki. A Japan sunansa Shutokou Battle, ya fara fitowa a 1994 ɗauke da sunan Tsuchiya. A waje an san shi da Tokyo Xtreme Racer, wanda ya fito a na'urar Dreamcast a 1999, sannan a PlayStation 2 a 2001 da 2003. Bai kai sauran yaɗuwa a wurinmu ba, sai wanda ya dace da faifansa a cikin tarin da ake kawowa daga Alaba ko Kano, amma wanda ya same shi ba ya mantawa. Babu tuta, babu 'yan kallo, babu layin gamawa. Za a sake ka a kan hanyar Shuto da dare, an kwaikwayi kwanoninta da ramukanta yadda suke, kana tafe cikin manyan motocin kaya da tasi. Idan ka hango abokin karawa, sai ka matsa bayansa ka ƙyafta masa fitila. Shi ke nan an fara. Kowannenku yana da sandar ƙarfin zuciya a saman allo. Wanda aka bari a baya tasa tana raguwa, wanda ya bugi bango tasa tana raguwa, wanda tasa ta ƙare ya sha kaye. Wato ba a cin mutum sai ya karaya. Abokan karawar ɗaruruwa ne, kowa da laƙabinsa da ƙungiyarsa da ɗan tarihinsa, wannan ma'aikacin ofis ne, wancan ɗan mai gareji. Wasu ba sa fitowa sai a wata rana ta musamman ko sai ka zo da wata irin mota. Ƙyafta fitila yare ne da kowane direban Najeriya ke ji, shi ya sa ba mu buƙaci fassara ba ko da faifan na Japananci ne.

Wani zai ce, ai mu Need for Speed muka fi bugawa. Haka ne. Underground ta 2003 da Most Wanted ta 2005 su suka mamaye kusurwar 'yan mota a zamanin PlayStation 2, kuma ba Japanawa suka yi su ba, a Kanada aka haɗa su ƙarƙashin kamfanin EA na Amurka. Amma a duba garejin Underground: Civic, Supra, Skyline, RX-7, Lancer, Impreza. Al'adar Tokyo ce ta haura teku ta shiga Kalifoniya, fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya ɗauke ta, sannan ta dawo mana sanye da rigar Amurka, da fitilu a ƙarƙashin mota da 'yan sanda a baya. A ganinmu na Japan ɗin sun fi natsuwa. Na Amurka hayaniya ne da fasa shingaye. Na Japan kai ne da hanya da ƙarar inji, kamar mai tafiyar dare shi kaɗai.

Me ya sa abin ya kama mu haka, mu da ba mu taɓa ganin Tokyo ba? Amsar tana kan titin Jos da titin Makurɗi. Iyayenmu sun taso da Fijo, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma 504 ita ce motar gwamnati da ta tasha. Amma bayan karyewar naira daga 1986 sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma wa na hannu da ake saukewa a Kwatano. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, Lafiya ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo daga Jos, motocin da suka cika garin a shekarun da suka biyo baya Toyota ne da Honda da Nissan da Mazda. Har sunaye muka raɗa musu: Hala, Henesi, da wadda ake cewa ta kashe gardama. Saboda haka yaron da ya zauna a gidan gem ya ga Civic a allo, ƙanwar motar maƙwabcinsu ya gani. Ferrari mafarki ce, Corolla kuwa tana fake a ƙofar gida. Wasan yana gaya masa cewa wannan motar da ake kai yara makaranta da ita, in ta sami bakanike da direba, ba ta jin tsoron kowa.

Akwai wani ɗan abin lura. A wasannin Tokyo mota tana bin hannun hagu ne, sitiyari a dama. Dattawanmu sun san wannan tsarin, domin haka Najeriya take tuƙi har zuwa 2 ga Afrilu 1972 da aka koma hannun dama. Shi ya sa motocin Japan ɗin da muke hawa ba kai tsaye daga Japan suke zuwa ba, sai sun yi rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka. Skyline ɗin da muka haddace a allo, mai sitiyari a dama, kusan ba wanda ya taɓa ganinta a garin nan ido da ido.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, duniyar da muke bugawa ta riga ta fara mutuwa. Kumburin tattalin arzikin ya fashe a farkon shekarun 1990. 'Yan sanda suka matsa, aka cika hanyoyi da kyamarori, aka zuba kunya a kwanonin duwatsu don hana zamiya. Mutane sun mutu a waɗannan tsere, har da waɗanda ba ruwansu, kuma jama'a sun gaji. A 2001 Japan ta kafa doka mai tsanani kan tuƙin ganganci da ya jawo rauni ko mutuwa, mai ɗaurin shekaru masu yawa. A Agusta 2002 aka daina ƙera Skyline GT-R R34 da Supra da RX-7 da Silvia kusan lokaci guda, saboda sababbin ƙa'idojin hayaƙi da ƙarancin masu saye. Ke nan a daidai lokacin da muke ƙyafta fitila a Lafiya, a Tokyo ana naɗe tabarmar. Wasannin suka zama ma'ajiyar wani zamani, kuma wannan ne ya sa 'yan shekara arba'in a faɗin duniya ke komawa gare su yau. Da Genki ta sake fitar da Tokyo Xtreme Racer a kwamfuta a Janairu 2025, bayan fiye da shekara 18 rabonta da babban wasa a jerin, ba ta canza tsarin ba: dare, hanya, fitila, sandar ƙarfin zuciya. Mutane suka yi rububinsa.

Mu kuma tamu tabarmar ba a naɗe ta ba, kuma a nan zancen ya daina zama na nishaɗi. Muna da namu dutsen. Duk mai bin hanyar Akwanga ya san gangaren da ke kusa da Nasarawa Eggon, wanda direbobi suka yi wa laƙabi da Turanci mai nufin da yawa sun tafi, kuma ba don wasa aka raɗa masa sunan ba. Yanzu an mayar da hanyar Keffi zuwa Makurɗi tagwaye, kwalta sumul, abin da ke sa ƙafar matashi ta yi nauyi a kan totur. Muna kuma da wasan mota na ranar ɗaurin aure da rakiyar amarya, inda yaro zai ari motar babansa ya riƙa juyi da ita a tsakiyar jama'a, taya tana hayaƙi, yara ƙanana suna tsaye a gefe suna tafi. Wasu manya suna ɗora laifin a kan gem da fina-finai. Ba mu ce ba su da hujja ko kaɗan ba, ido yana koya wa zuciya sha'awa. Amma mu da muka zauna a kan bencin mun san wani abu: wanda ya faɗi jarrabawar lasisin Gran Turismo sau talatin ya san iyakar taya, ya san mota mai gudu ba ta tsayawa inda ake so. Mai juyi a wurin biki yawanci bai taɓa koyon wannan ba, a allo ko a ƙasa. A allo in ka daki bango sai ka danna maɓalli ka sake. Tsuchiya kansa barin dutse ya yi ya koma filin tsere, ya kai har gasar Le Mans ta Faransa, daga baya ya taimaka aka kafa gasar zamiya ta D1 a kan fili mai shinge da motar asibiti a gefe. Matasanmu masu wannan sha'awar ba su da irin wannan fili, kuma hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa tun 1988 ba za ta iya tsayawa a kowane biki ba.

Gidajen gem ɗin su ma sun ja baya. Wuta ta ɗan gyaru a Lafiya bayan buɗe tashar Akurba a 2022, amma kafin nan waya ta riga ta cinye kasuwar. Shaguna da yawa da muka sani sun koma wurin cajin waya ko POS, wasu kuma, abin takaici, sun koma gidajen caca, inda allon ke nuna tseren da ba hannun kowa a ciki, yaro ya zuba kuɗi ya tsaya kallo. A tsohon gidan gem ko ba komai wanda aka ci shi ke biya, kuma cin yana hannunka.

Wasannin dai ba su ɓace ba. Ƙannenmu da 'ya'yanmu suna da manhajar PPSSPP a wayoyinsu, wadda ke buɗe wasannin tsohuwar PSP, suna tura wa juna ta Xender. Yawanci ƙwallo suke sakawa, kamar yadda muka yi. Amma Ridge Racer tana hawa, Initial D tana hawa, Gran Turismo ta 2009 ma tana hawa. Kwanakin baya wasu daga cikinmu muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i, wani yaro ɗan shekara goma sha uku ya miƙo waya yana tambaya ko mun san wata tsohuwar farar mota mai baƙin gefe da fitilu masu buɗewa kamar ido, wai ita ce ta fi wuyar kamawa a gangaren dutse. Aka karɓi wayar ana zagayawa da ita hannu zuwa hannu. Mutum huɗu suka gwada, duka huɗun suka daki ƙarfen gefen hanya a kwana ta biyu.